Baba ya ce jinin leda baƙi ne, ba a sa mishi

Salamu alaikum jama'ar wanga gida. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau ba wasa ya kawo ni ba, ko da yake ni ne uban tsokana a rumfarmu.

Mu mahauta ne a Talata Mafara. Babanmu ya tahi Bakura sayen shanu ya faɗi yana riƙe da ƙirji, zufa kamar an watsa mishi ruwa. A asibiti likita ya ce bugun zuciya ne, kuma jininshi ya yi ƙasa sosai, zuciyar tana wahala, sai an ƙara mishi jini a hankali. Ya gaya muna gaskiya, ƙarin ma yana da haɗari, in an yi gaggawa ruwa na iya cika huhu, amma barin shi hakan ya fi ba shi tsoro.

Baba ya yarda, aka kawo ledar jini, sai ya ce a matso da ita ya gani. Shi mutum ne da ke gane lafiyar sa da kalar jini wurin yanka. Yana dubawa ya ce wanga jini ya yi baƙi, na mai ciwo ne, ko naman saniya mai irinshi ba ya sayarwa balle a sa mishi a jiki. Nas ta ce duk jinin leda haka yake. Na ce Baba ai ba tsire za a yi da kai ba, bai ko yi dariya ba. Na miƙa hannu na ce a ɗebi nawa gabanshi, likita ya ce nawa bai dace da nashi ba.

Yayana da Kawunmu na Maradun sun ce a rufe ledar da tawul a ce mishi ruwa ne. Likita ya ce shi ba ya yin haka, sai mai jiki ya amince, kuma kar mu ɓata ma Baba rai. Yaya ya zage ni wai ni ke ɗaure ma Baba gindi, don Baba ya kama hannuna ya ce in tsare mishi kar a sa mishi jinin a ɓoye, ni kaɗai ba a iya yi ma wayo.

Yanzu numfashin Baba sama-sama yake. Ni da ke sayar da ƙashi a ce tsoka ce, na rasa bakin da zan lallashi Baba. Wanda aka taɓa ƙara ma ɗan uwanshi jini yana da ciwon zuciya, me kuka ce mishi ya yarda?