Jirgin da Baba ya gyara, ni na sa hannu aka yanka shi

Assalamu alaikum masu wannan fili. Daga Madina nake rubuto muku. Ku sakaya sunana, kuma don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Mahaifina tsohon soja ne, a yaƙin Bama ya koyi gyaran jirgin sama wurin Turawa, daga baya ya tako da ƙafa zuwa Hajji ya zauna. Muna da garejin mota a unguwar Sultana. Wani mai gonar dabino a Ƙuba ya ba shi gawar wani ƙaramin jirgin yaƙi, duk tsatsa, tantabaru na kwana a ciki. Shekara uku Baba yana kansa, ƙusa ɗaya-ɗaya, har ranar da farfela ta juya ya zauna a ƙasa yana kuka. Da yake ni aka haifa a nan, ni ke da takardar ɗan ƙasa, sai aka rubuta jirgin da sunana. Ba a jima ba yanar ido ta hana Baba gani.

Sai aminina, bari in kira shi Sale, wanda muka tashi kwano ɗaya, ya tare ni a ƙofar masallaci da takarda. Ya ce, "Wata makaranta a Jidda za ta kafa jirgin a fili, da sunan Baba a jiki. Sa hannu kawai, wallahi alheri ne." Wa ke karanta takardar wanda ya rantse a ƙofar masallaci? Na sa.

Wata shida shiru, ko hoto babu. Na je Jidda, makarantar ba ta taɓa jin labarin ba. Na nemo direban da ya ɗauki jirgin, ya ce, "Wace Jidda? Jurf na kai shi, nan gefen Madina, wurin masu yankan ƙarfe." Da na je can, a bayan wani gida na tarar da fiffiken jirgin, an yi wa awaki rumfa da shi. Na gane jerin ƙusoshin Baba. Da na tunkari Sale ko kunya babu, cewa ya yi, "Halas, shi ke nan, tsohon ai ba ya gani." Har yau yana zuwa gidanmu yana "Baba, Baba", ni kuwa zuciyata kamar ta fashe.

Nawa laifin ya fi muni. Shekara biyu ina shara wa Baba ƙarya: an yi wa jirgin fenti, yara na ɗaukar hoto, har rubutun allon sunansa na ƙirƙira na karanta masa.

To, shekaranjiya aka yi masa aikin ido, likita ya ce zai gani. Asabar za a kwance bandejin. Ya riƙo hannuna ya ce, "In na yi ziyara na ga Kubbar Masallacin Annabi, sai ka kai ni Jidda." Har ya sa an goge masa riga.

Jama'a, kwana huɗu suka rage. Me zan yi?