Gansakukar Tafkin Gidimuni

Gidimuni, bazarar 1985

Zuwa ga ƙanena Mutari,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da karatunka a can Faransa. Allah ya ƙara basira, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan mun gode Allah, amma ba zan yi maka ƙarya in ce lafiya lau ba. Baba yana nan, sai dai ƙafa ta hana shi zuwa masallaci. Yaya Alkasum ya tafi Kano neman abin da za a ci, ya bar mana matarsa Kolo da yara. Geron bara ko iri bai mayar ba, rumbu kuwa mun share shi har ƙasa. Tafki ya ja baya sosai, inda kuke iyo kuna yara yanzu jakuna ke ratsawa.

Takardarka ta iso, na karanta wa Baba, ya sa na maimaita. Kai dai ba ka sake hali ba, an tambayi lafiyarka ka cika shafi da labarin gansakuka. Amma kada ka raina karatun bokon da na yi a lakwal, na gane. Ka ce koren nan da ke bisa ruwa halittu ne masu rai, ƙanana har ido bai raba su, kuma cikin kowace akwai tashoshi a jere. Hasken rana ya bugi ta farko, ta fizgo wani ɗan abu daga cikin ruwa, wanda kuke kira elektiron, sai a yi ta miƙa shi hannu da hannu kamar yadda ake miƙa wa magini tubali. In ƙarfinsa ya ragu a hanya, haske ya sake bugun wata tasha ta ɗaga shi, har ya kai inda ake haɗa abinci daga iska. Da na gama, Baba ya ce wato ranar da ta ƙone mana gero ita ce ke ciyar da wannan abu. Ya juya fuskarsa bango, ni kuma na naɗe takardar.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Tun da ruwa ya ragu, abin naka ya rufe bakin tafki, kore shar, babu wani kore a ƙasar nan sai shi. Kolo, ka san a wajen Tafkin Cadi ta girma, ta ce a can mata na kwasar irinsa, su shanya a rairayi, su sa a miya, yara su yi ƙiba. Ta kwaso daga kududdufin da ke wajen kanwa, ta dafa, 'ya'yanta sun ci, har yau ba abin da ya same su. Amma a makon nan sa ɗin Baba, na ƙarshe da ya rage mana, ya sha a wani kududdufi mai irin koren nan, kafin la'asar ya faɗi yana kumfa. Kolo ta rantse ba iri ɗaya ba ne, ni kuwa na duba na duba, idona bai ga bambanci ba. Mun yi cacar baki har na gaya mata maganar da ba ta dace ba, alhali ita taimako take nufi.

Mutari, 'yata Balki ce damuwata. Tun da na yaye ta gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura, ta daina ko kuka. Na kai ta asibiti wajen lokotoro, ya ce ba ciwo ba ne, abinci mai gina jiki take so. Ina zan samo shi? Tsoro nake ji, wallahi, in ba ta ina tsoro, in hana ta ina tsoro. Ka taɓa cewa halittun nan iri-iri ne, wasu abinci wasu guba. Ga busasshe nan na ƙulle a tsumma, ɗaya daga kududdufin Kolo, ɗaya daga inda sa ya sha. Ka sa su a madubin aikinku mai ƙara girman abu ka gaya mini gaskiya.

Baba yana sa maka albarka. Kolo na gaishe ka duk da faɗanmu, yaranta ma haka. Ka gaida Sha'ibu abokin zamanka, Allah ya saka masa da kula da kai.

Na san kafin takardar nan ta kai ka, amsa ta dawo, Balki ba za ta iya jira ba. Gobe zan ci na Kolo ni da kaina, in na kwana lafiya in ba ta. Ko me ka gani ka rubuto, kada ka ɓoye don tausayina. In amsar ta zo mana a makare, akwai 'ya'yan wasu a bakin tafkin nan.

Ni ce yayarka,
Zuliha