Kofin da Ama Ta Wanke

Katmandu,
ranar Asabar.

Zuwa ga yayana, Dai Tekraj,

Ina gaishe ka da hannu biyu, gaisuwar ƙanwa ga babban wanta. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, zafin Doha bai cinye ka ba, ciwon bayan nan da kake ɓoye mana kuma ya yi sauƙi. Kullum da safe in na kunna turare sai na ambaci sunanka, Ubangiji ya tsare ka a kan dogayen gine-ginen nan, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan da sauƙi. Mijina Hemraj yana ta fama da gyaran wayoyin mutane a shagon ubangidansa, 'yarmu Asmita kuma ta shiga aji huɗu, ta yi tsawo har ta kusa kamo kafaɗata. Shekaranjiya na yi magana da matarka, ta ce masara ta yi kyau bana, akuya ta haifi biyu, yaranka lafiya lau. Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Prem mai komowa wajenku alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce, don a gidan nan ko tari ka yi ana ji a sama, kuma na san in na ji muryarka kuka zai hana ni ƙarasawa.

Dai, ƙarshen watan nan za mu bar gidan da muke ciki. Ban taɓa gaya maka yadda muka same shi ba, to yau zan gaya maka. Bara da aka ce za a rushe wancan da muke haya a unguwar Balaju, sati biyar muka yi muna yawon neman ɗaki, har silifas ɗina ya tsinke. Mai araha ba ruwa, mai ruwa kuma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Wani ɗakin in ka shiga da tsakar rana sai ka kunna fitila, bango yana zufa kamar tulu. Duk wannan da sauƙi, talaka ya saba. Abin da ke karya gwiwa shi ne tambayar ƙarshe. A Kapan wani dattijo ya yarda da komai, har ya ciro makulli ya miƙo, sannan ya ce af, bai ma tambaya ba, 'yan wane gida ne mu? Hemraj ya ce Pariyar, sunanmu na zuri'ar teloli da ake ƙyamar taɓawa. Da idona na ga makullin nan ya koma aljihu. Nan take ya tuna wai ya riga ya yi wa surukinsa alkawari. A Kalanki wata mata mai gilashi ta ce ita fa 'yar boko ce, ba ruwanta da waɗannan tsofaffin abubuwa, amma famfo ɗaya ne a gidan, me za ta ce wa sauran 'yan haya? Gida shida, Dai, duk haka. Dillalin da ke yawo da mu ya gaji ya ce, ƙanwata, ni fa tafiya nake ci da ita, sunan nan naku ne ya yi muku nauyi, ku cire shi a bakin ƙofa tare da takalmi. Shi ya zaɓar mana Karki, sunan manyan gida, wai ya fi shiga kunne, kuma ba kowane mai gida ke neman ganin katin shaida ba.

Da wannan suna muka sami gidan Anti Sushila a Gongabu. Ɗaki biyu a ƙasa, rana na shigowa da safe, ruwa a tanki, makarantar Asmita kuma ana hango ta daga ƙofa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna Ostireliya, ita kaɗai take rayuwa a sama. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta so ni, ni ma na so ta. Ina shafa mata mai a kai, tana ba Asmita alewa. Da zazzaɓi ya kwantar da ita ni na shiga kicin ɗinta na yi mata girki kwana tara, tana ci tana cewa hannuna daɗi gare shi. Keken ɗinkina kuwa tun ranar da muka tare yake ƙarƙashin gado a lulluɓe, kada sana'ar gadonmu ta tona asalinmu. Ran da rigarta ta yage ta ce in kama mata, da gangan na karkata ɗinkin, ni 'yar Baba, wadda ta iya saka zare a allura tun ba ta iya ƙirga ba. Ta yi dariya ta ce lallai ba a haife ni don allura ba. Na taya ta dariyar. Wata takwas muka yi a haka.

Sai ga zuwan mahaifiyarmu Ama daga ƙauye don a duba mata idon nan, kamar yadda ka ce a yi. Tun daga tashar mota na fara yi mata karatu: ke Karki ce, ki rage magana, in an ce ki shigo ki shigo, kada ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki tsuguna a ƙasa. Ta yi ta maimaita sunan a hanya kamar mai haddar sunan magani. Likita ya duba ya ce yanar ido ce, za a yi mata aiki sha biyu ga watan gobe, kuma sai ta zauna kusa kwana goma bayan aikin. A rana ta uku Anti Sushila ta ce in hawo mata da mahaifiyata su sha shayi. Ama ta shiga, ta zauna a bakin kujera, ta karɓi kofi, ta sha. Har na saki jiki ina ba da labarin tsadar albasa. Ban ankara ba sai na ga Ama ta miƙe da kofin a hannu. Ba kicin ta nufa ba. Ta lallaɓa ta sauka, tana laluben bango, ta je famfon waje ta wanke shi tas, ta kife shi a kan matakala a wajen ƙofa, sannan ta ja da baya taku biyu ta haɗa hannuwa. Yadda take yi a ƙofar gidajen manyan ƙauyenmu tun muna goye.

Anti ta biyo ta tana cewa haba Ama, bar shi mana, ai ni zan… sai maganar ta maƙale. Ita ma 'yar ƙauyen tudu ce, ta san su wa ke yin haka. Ta kalli kofin, ta kalli Ama, ta kalle ni. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin rana ta faɗi na hango ta tana tsoma zoben zinariyarta a ruwa, tana yayyafa wa kicin, da kujerar, da matakala, wai tana tsarkake su. Kofin nan kuwa kwana uku ya yi a kife a wurin, ba wanda ya taɓa shi. Sannan Anti ta kira ni, ba ta kalli fuskata ba, ta ce wai ɗanta zai dawo daga Ostireliya, yana bukatar ƙasan. Na ce Anti, ɗan da kika ce ko waya ba ya kira? Ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma na ci amanarta, na shiga har inda take bauta. Na ce abincin da na dafa miki kwana tara tayar da ke ya yi, bai kashe ki ba. Ta rufe ƙofa. Hemraj ya yi ta tafasa wai zai kai ƙara, ai akwai doka. Na ce masa ka kai, su tambaye ka shaida, ka ce musu kofi. Kuma bayan ƙarar wa zai ba mu ɗaki a unguwar nan?

Yanzu ga abin da ke cina. A ranar da abin ya faru, da muka shiga ɗaki, na buɗe wa Ama wuta. Na ce kin kashe mu, abu ɗaya na roƙe ki, ɗaya tak! Na ce ke sai kin nuna wa duniya ko mu su waye hankalinki zai kwanta? A gaban Asmita na faɗi haka. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, 'yar nan, bakina kika koya wa, ba ki koya wa hannuna ba, shekara sittin yana yin haka, ni ban ma san na tashi ba. Washegari ta ɗaure ƙunshinta ta ce za ta koma ƙauye. Na dafa mata shayi, ta sha, ta fita ta wanke kofin, ta kife shi a wajen ƙofata. Na ce Ama, mene ne haka? Ta ce, ai ke a gidan nan Karki ce. Har yau ban sani ba ko gori ta yi mini ko da gaske take. Tun da ta koma ba ta karɓi wayata ba, sai ta ce wa matarka a ce tana gona.

Mun sake shiga yawo, wannan karon da damina, taɓo har idon sawu. Jiya muka sami ɗaki ɗaya a Thankot, can ƙarshen gari. Asmita za ta riƙa hawa mota biyu kafin ta kai makaranta, ruwa kuma sai ranar da ya ga dama. Amma kuɗinsa daidai mu, kuma ba mu da kwanakin da za mu yi zaɓe. Mai gidan ya tambayi suna, Hemraj ya kalle ni, na kalli ƙasa, ya ce Karki. Sai mutumin ya ce shi fa ba ya son 'yan haya masu tarin dangi, yau uwa ta zo daga ƙauye, gobe kawu, a shanye masa ruwa. Ya ce muna da masu zuwa? Dai, bakina ya riga ni. Na ce ba mu da kowa. Matarsa ta dafa ni ta ce wayyo, ashe marainiya ce. Na gyaɗa kai. Suka ba mu makulli.

Ga shi nan a gabana ina rubuta maka. Aikin idon Ama saura sati uku, kuma ni ce 'yarta da ke Katmandu. In na kawo ta, ƙaryata ta tonu, mu koma titi da yarinya. In ban kawo ta ba, idon ya tafi. Kai ne babba, kuma kai tana ɗaukar wayarka. Ka tambayi abokan aikinka ko akwai mai dangi a nan, irin namu, da zai ba ta wurin shimfiɗa tabarma kwana goma. Ni zan riƙa kai mata abinci safe da yamma, in kwana a ƙasa kusa da ita in sun yarda. Ka ce mata ɗakin ne ya yi ƙanƙanta. Kada ka gaya mata abin da na ce wa mutanen nan, don girman Baba da ke ƙasa.

Ka gaishe mini da kawu Lalbir, ka ce ya rage taba. Ka gaishe da Sukram ɗan gwaggo da duk mutanen ƙauyenmu da kuke ɗaki ɗaya. Hemraj yana gaishe ka da girmamawa, Asmita ta ce tana taɓa ƙafafunka don neman albarka. Ita ce ta tambaye ni da safen nan ko a sabon gida an yarda ta ce tana da kaka.

Ƙanwarka,
Junu.