Robar da ke jikin injinka

Ƙanena,

"Gobe zan kwance robar nan, Yaya." Haka ka ce ranar da zan taho. Ya Inna da yara? Allah Ya tsare min ku.

Yau murna nake! Jiya a masana'anta inji ya cafke hannun rigata, na'urar tsaro ta yanke wuta, ya tsaya cak. Yatsuna suna nan, ɗaya ne kawai ya kumbura.

Kai kuwa ka ɗaure makunnin tsaro na murfin injin niƙanka da roba don ya riƙa juyawa a buɗe. A kasuwa ake sayen yatsu?

Kafin ƙarshen wata ka kwance, ka turo hoto. In ba haka ba, zan sa Inna ta kafa kujerarta a ƙofar shagonka tana korar masu niƙa.

Yayarka