Kujerar Bakin Taga

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da mutanen shago. Mu ma nan lafiya lau, sai dai gwiwa da ke yi mini tsiya in zan hau bene.

Dalilin wannan takarda shi ne wani bayani da na karanta a jarida, na yanke shi na sa maka a ciki. Masu lissafi sun ce duk wanda ya kai shekara talatin, ya kamata a ce ya ajiye kwatankwacin abin da yake samu a shekara guda. Mai arba'in, na shekara uku. Mai hamsin, na shida. Mai sittin kuwa na takwas, in yana so ya huta bai miƙa wa kowa hannu ba. Na auna kaina da wannan ma'auni, alhamdu lillahi ban ji kunya ba. Tun ranar da na fara koyarwa ake cire wani abu daga albashina, yau ga fansho yana zuwa ina zaune.

Kai fa? Bana za ka cika sittin. Tun kana saurayi kake tsaye a kan mutane da almakashi, ban taɓa jin ka buɗe asusu ba. Mai aski ba shi da fansho, Auta, kuma ƙafa gajiya take yi. Abin yana damuna ƙwarai.

Ɗakin baya na gidan nan babu kowa tun da yara suka watse. Ranar da ƙarfi ya ƙare, ku tattaro ku taho. Ba gori nake yi maka ba, haƙƙina ne na babba.

Ka gaida kowa da kowa.
Yayanka.

*

Yaya Malam,

Amin, wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ka rage hawa benen, babu ɗaliban da ke jiranka a sama.

Takardarka ta iso har da guntun jaridar. Na karanta ta da ƙarfi a shago muka sha dariya, har sai da aka dakata wa wani da rabin kai. Masu lissafin nan albashi kawai suka sani, Yaya. Bari in ba ka nawa lissafin.

Kujerata ta farko ka san ta, ta bakin taga, ta ƙarfe, wadda na saya ta hannu. Ina da shekara talatin na sayi ta biyu, na sa wani mai aski da ya iya aiki amma ba shi da shago, kullum da yamma ya ba ni kasona. Da na kai arba'in na ƙara ta uku. Ka tuna shekarar da ka yi ta faɗa don na ƙi sayen babur, ka ce ina zubar maka da mutunci da tsohon kekena? Kuɗin babur ɗin ne suka sayi kujerar da mai askina Dogo yake aiki a kai yau. Ina da hamsin na kawo ta huɗu, mai ɗagawa da ƙafa, har maƙwabta suka zo kallo. Kujeru ukun nan su ke ciyar da gidana, su suka yi wa 'yarka kuɗin makaranta har ta gama. Ko ina kwance da zazzaɓi aikinsu suke yi. Wannan ita ce ajiyata, kuma kullum da safe ina ganinta da idona, ina goge ta da hannuna.

Ɗakin baya kuwa na gode, ka zuba littattafanka a ciki. Ni ba inda za ni, kuma ba zan ajiye almakashi ba. Kujerar bakin taga babu hannun da ya taɓa aiki a kanta sai nawa. Akwai mutanen da na yi wa aski suna kuka a cinyar iyayensu, yau su ke kawo mini 'ya'yansu. Ritaya ta masu albashi ce, sai kuma gashin kanka da ya riga ka yi.

Ka yi haƙuri da rubutun, biron ne ba shi da kyau.

Ƙaninka, Auta.

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Umma. Ni ce 'yarka ta kantin magani.

Na ga jaridar da ka aiko wa Baba. Ya zo da ita gida ya tambaye ni ni a wane layi nake. Da na ce na kusa cika na masu talatin, sai da duk maƙwabta suka ji labari. A wurinsa na koya, Baffa. Tun ina ƙarama nake ganin ba ya taɓa kuɗin cefane sai ya fara ware na kujera.

Duk abin da ya faɗa maka gaskiya ne, kujerun uku sun ishe su shi da Mama har da saura. Abin da bai faɗa maka ba shi ne hannunsa. Tun bara yake rawa. Da farko shayi ne yake zubewa, muna yi kamar ba mu gani ba. Na kai shi wurin likita, an ba shi magani, amma an ce sai dai a rage, ba zai koma yadda yake ba.

Kwanakin baya ya yanki tsohon telan nan da ya daɗe yana yi wa aski, a ƙasan kunne, da reza, har jini ya ɓata ƙyallen wuya. Mutumin bai ce komai ba, ya biya ya tafi. Amma yanzu sai ya daidaici Baba ya tafi salla yake zuwa, ya zauna wurin Dogo. Sauran tsofaffin ma haka, kowa ya shigo sai ya ce yau sauri yake yi. Na je na sami Baba tsaye a bakin taga yana goge kujerar da babu wanda ya zauna a kai tun safe. Sai da na koma waje na share hawaye kafin na shiga.

Wani mai aski, ƙanen Dogo, ya nemi a ba shi kujerar bisa kaso kamar sauran. Baba ya kore shi kamar ya nemi matarsa. Tsorona shi ne wata rana ya yanki wanda ba zai yi shiru ba. In sunan shagon ya ɓaci, kujerun ukun ma zama za su yi babu kowa, abin da ya tara tun yana saurayi ya tafi a banza.

Kai kaɗai yake jin maganarka, kai ma ba kullum ba. Don Allah kada ka ce ni na faɗa.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka.

*

Auta,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

Na karanta lissafinka. Maganar ɗakin baya na janye ta, da maganar babur. Na yi alfahari da kai, har na karanta wa yayarka, maiɗakina, takardar sau biyu.

Ranar da na miƙa makullin ofis ga wanda ya gaje ni, fansho bai hana ni baƙin ciki ba. Na daɗe ina bi ta ƙofar makarantar da safe kamar mai wani uzuri. Jaridar ba ta yi maganar wannan ba.

Ƙarshen wata zan zo. Gashin kai ya yi ritaya kamar yadda ka ce, amma gemu yana nan a bakin aiki. A kujerar bakin taga zan zauna. Ba na son inji, reza nake so, har ƙasan maƙogwaro yadda ka saba yi mini. Babu wanda zai taɓa ni sai kai. Zan jingina kai in rufe ido, domin ba ka taɓa yi mini ƙarya a kan aikinka ba.

Ga sabon biro na sa maka a ciki.

Yayanka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Biron ya iso, da shi nake rubutun nan, ka ga bai gyaru ba.

Na san wadda ta kai tsegumi. Ka ce mata fushina na kwana biyu ne, ya wuce.

Da na gama karanta takardarka na ɗauki reza na tsaya gaban madubi, na kai ta wuyana. Na kalli hannun na daɗe, sannan na mayar da ita. Abin da ban yarda in yi wa wuyana ba, ba zan yi wa naka ba.

Na kira ƙanen Dogo na ba shi kujerar. Hannunsa ba laifi, sai dai gaggawa, kuma ina nan zan cire masa ita. Jiya ni ya fara yi wa aski. Duk shekarun nan ina bayanta, ban san tana da laushi haka ba, ashe kuma daga kanta ana ganin titin gaba ɗaya.

Ka rubuta wa masu jaridar su ƙara layi ɗaya: mai sittin, kujera huɗu.

Ka zo ƙarshen watan. A bakin taga za a yi maka gemun, ina tsaye ina kallon hannun mai yi. Ka taho da kuɗin askinka, Yaya, don yanzu da shi nake ci.

Ƙaninka, Auta mai shago.