Gangaren da Ake Takawa da Ƙafa

Litinin, 2 ga Disamba

Likita ya yanke magana: za a yi wa Baba aikin gwiwa a watan Maris, daga nan shi da zamiya a kan ƙanƙara sai kallo. Wannan ne hunturunsa na ƙarshe a kan katakon zamiya, dogayen nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. Ni da mijina Lyuben mun ce mu kai shi wuri mai kyau a hutun ƙarshen shekara. Bansko nake so, babban wurin zamiya na 'yan yawon buɗe ido. A zaune ake kai mutum sama, inji ke daddale hanya, ga ruwan zafi na gasa gwiwa.

Laraba, 4 ga Disamba

Na nuna masa hotuna a waya. Ya ce, "Tsvetana, wannan ai kasuwa ce, ba dutse ba." Gangaren ƙauyenmu yake so, mai igiyar jan mutane sama guda ɗaya, inda ya shekara talatin yana koya wa yara zamiya. Taurin kai dai a gidanmu gado ne.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ni fa na tsani wurin. Babu injin daddale hanya. Kafin a buɗe, sai mutanen gari sun jeru kafaɗa da kafaɗa, katako a ƙafa, su haura a kaikaice suna taka dusar ƙanƙara har ta kwanta. Wanda bai taka ba, ba ya sauka. Tun ina shekara bakwai Baba ke sa ni a layi, yatsuna sun daskare, ina hawaye, shi kuwa sai dai "ɗaga ƙafa". Har yau da zafin abin a raina, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Jumma'a, 13 ga Disamba

Kawu Yordan, abokin Baba, ya bugo muna cin miyar wake. Wai dusar ƙanƙara ta sauka sosai, amma masu takawa saura biyar, duk tsofaffi. Baba ya ce masa gwiwa ba za ta iya hawa ba, dokar takawa kuma ba ta san tsoho ba. Da ya ajiye wayar ya ce mini, "To, ku kai ni Banskon naku." Bai ƙarasa miyarsa ba.

Na yi nasara. Babu daɗi.

Asabar, 14 ga Disamba

Ban kama ɗakin otal ba. Na ce wa Lyuben an cika. Ya san ƙarya nake.

Asabar, 28 ga Disamba

Muna ƙauye. Na tambayi tsofaffin ko takun 'ya zai tsaya wa uba. Suka yi ta jan magana kamar shari'ar gona, har Kawu Yordan ya ce ƙafata ai daga ta Baba aka yanko ta. Aka yarda. Awa uku muna hawa, Kawu yana bayana yana tsiya: "'Yar birni, ɗaga ƙafa, ba inabi kike matsewa ba." Lyuben ya faɗi sau huɗu. Baba yana ƙasa da shayinsa, ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba.

Lahadi, 29 ga Disamba

Baba aka bari ya fara sauka. A hankali, yana lanƙwasa dama da hagu. Na ji tsoro har ya iso. Ya kakkaɓe katakonsa, ya daɗe yana kallon gangaren, sannan ya ce, "Gefen hagu ya taku da kyau. Wa ke can jiya?"

Ya sani sarai ni ce.

Cinyoyina kamar an daka su a turmi. Na bar katakona a rumfar Kawu Yordan. Don dai mota ta cika ne, ba wani abu ba.