Kafin Ku Kawo Mana Injin Casa Na Biyu

Zuwa ga Hajiya Shugabar Shirin Tallafa wa Mata, Ruwan Sha da Wadatar Abinci na ƙungiyar agajin ƙasar waje, ofishin Gashua, da kuma manyanta na ƙetare idan an samu mai fassara musu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya taimaka.

Sunana Hajara Modu. Ina zaune a ɗaya daga cikin ƙauyukan bakin fadama da ke tsakanin Gashua da Nguru. Ba zan faɗi sunan garin ba, don kada a ce Bulamanmu ne ya turo ni, bai ma san ina rubutun nan ba. Matar manomi ce ni, ina koyar da yara a Islamiyya da yamma, idan kaka ta yi kuma ina fita sheƙar shinkafa kamar kowace mace a garinmu. Na zo ofishinku sau biyu ban samu ganinki ba. Shi ya sa na fito da maganar fili, ki yi haƙuri, ba rashin kunya ba ne. Ranki ya daɗe, raina ne a ɓace.

Zan fara da godiya, don kada a ce mu butulu ne. Rijiyar burtsatse mai sola da kuka haƙa mana tana aiki. Mun daina shan ruwan kogi, gudawar yara ta yi sauƙi ƙwarai, 'yan matanmu sun huta da tafiya bakin gulbi da jarka. Wannan kam kun yi, Allah Ya saka da alheri. Maganata a kan injin casar shinkafa ce, wanda kuka kawo bara da sunan sauƙaƙa wa mata wahala.

Na farko, bari in gaya miki mene ne sheƙa a wurinmu, tunda da alama ba wanda ya gaya miki. Idan maza suka yanke shinkafa suka buge ta, mu mata ne muke zuwa da ƙoranmu da fayafayanmu mu sheƙe ta a iska, mu raba ƙwayar da ƙaiƙayi. Mai gona ba kuɗi yake ba mu ba, shinkafa yake aunar mana daga kowane buhu da muka cika. Bayan an kwashe buhuna, abin da iska ta tafi da shi cikin ƙaiƙayi da abin da ya zube a ƙasa namu ne. Mu sake bakacewa, mu tsince, ba mai hana mu. Wannan shinkafar ta mace ce ita kaɗai. Ba ta shiga rumbun maigida, a ɗakinta take ajiye ta, miji ba ya tambayar yawanta, abin kunya ne ma ya tambaya. Idan damina ta yi tsakiya, rumbun maigida ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ita ake fitarwa a ciyar da gida. Matar da mijinta ya rasu kuma, ko tsohuwar da ba ta da gona, wannan ce gonarta. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi.

Na biyu, yadda aka yi kuka yanke shawara. Bara waccan ma'aikatanku suka zo mana a tsakiyar aiki, da wata Baturiya mai fara'a da wani saurayi mai fassara. Bulama ya rako su, mazajenmu suka biyo baya suka tsaya a gefe. Suka tarar da mu fururu da ƙaiƙayi, idanu jajaye. Mai fassara ya ce baƙuwa tana tambaya, aikin nan da wahala? Muka ce wallahi da wahala. To me za mu ce? Rana tana dukanki, ƙaiƙayi yana cin wuyanki, ga goyo a baya, sai ki ce daɗi ne? Ya ce idan aka kawo abin da zai rage wahalar muna so? Muka ce Allah Ya kawo. Baƙo ya yi maka tayin alheri a gaban Bulama, ba ka ce masa a'a.

Amma ba wanda ya tambaye mu me muke samu a ciki. Ko da an tambaya ma, Hajiya, ke mace ce, ki faɗa mini tsakani da Allah: wace mace ce za ta tsaya a gaban mijinta da mazan gari ta lissafa wa baƙo abin da ke bayan gadonta? Da an ja mu gefe mu kaɗai, an zauna a tabarma an sha ruwa, da kun ji komai. Sai aka ɗauke mu hoto, aka shiga mota aka tafi.

Na uku, injin ya zo, an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe cewa na ƙungiyar mata ne. Madalla. Sai aka ce za a koya mana sarrafa shi, amma bitar a Nguru za a yi, ta kwana da kwanaki, kuma a daidai makon da aka fara yankan shinkafa. Haba jama'a! Wa ya zauna ya tsara wannan? Wace mace ce za ta bar yara, ta bar girki, ta bar sheƙar da take jira tun farkon shekara, ta tafi Nguru ta kwana a masauki? Ba wadda ta je. Da aka ga motar za ta koma ba kowa, sai aka zuba samari a ciki. Su suka koyo, su suke ja, su ake auna wa ladan. Ban ga laifinsu ba, 'ya'yanmu ne, su ma nema suke yi. Abin da ya rage cikin shinkafar da manoma ke biyan injin bayan ladansu an ce na mai ne da gyara. Matan da aka sa a kwamitin ƙungiyar kuwa, mutanen kirki ne, amma duk matan masu manyan gonaki ne, ba wadda abincinta ya dogara da faifai a cikinsu.

Injin kuma ba laifi, yana aikinsa, har ya wuce gona da iri. Abin da muke yini da yini muna yi, shi kafin azahar ya gama. Yana fitar da ƙwaya tas, ya feso ƙaiƙayi wanda ko kaza ta tona ba za ta samu abin kirki ba. Manoma suna murna, har da maigidana, ba zan ɓoye ba. Ya ce buhunansa sun ƙaru. Na ce masa ai dole su ƙaru, Malam, rabona ne ya koma ciki. Ya yi dariya, ya ce ai duk gida ɗaya ne.

Gida ɗaya ne, amma ba hannu ɗaya ba ne. Daminar bana, ni Hajara da ban taɓa roƙon maigida kuɗin gishiri ba, sai da na riƙa tsayawa a ƙofar ɗakinsa ina jiran ya auno. Da ƙanwata ta haihu a Dapchi, hannu rabbana na je barka, na rasa kwanon shinkafa ɗaya da zan riƙa. Da can idan ana shawara a gidan nan ana jin tawa, domin kowa ya san abincin wa ake ci a watan wahala. Yanzu sai dai a gaya mini abin da aka yanke. Malam bai canja hali ba, mutumin kirki ne, ni ce ba ni da abin da zan ajiye a gaba in yi magana. A taronku an yi ta nanata mana kalmar daidaito tsakanin maza da mata har muka haddace ta. To ni dai a gidana, da na fi kusa da daidaiton nan kafin ku zo.

Wata ma'aikaciyarku ta ce mana yanzu mun samu lokaci, sai mu kama sana'a. Lokaci kam mun samu, har ya yi mana yawa, muna zaune a inuwa muna kallon samari suna aiki. Amma jarin ƙosai da na ƙuli-ƙuli da na 'yar akuyar kiwo, duk daga shinkafar sheƙar nan suke fitowa. An toshe inda jarin yake fitowa, sannan an ce mu yi sana'a.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni zama. Ni ina da miji, ko ba daɗi zan ci. Akwai maƙwabciyata Ya Kolo, dattijuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da gona, tana riƙe da jikoki uku da 'yarta ta rasu ta bari. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu na farko. Tun ina amarya na san ta da sheƙa take ci, kuma ban taɓa ganin ta miƙa wa wani hannu ba. Mace ce mai tsananin kunya da jin kai, idan ka aika mata da tuwo sai ta mayar maka da kwanon da wani abu a ciki, ko da kuka ce. Bara na gan ta tana bin bayan injin da faifai, tana bakace ƙaiƙayin da ya feso, tun safe har la'asar. Abin da ta tara bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta dube ni ta ce, "Hajara, wannan abin ko sadaka ba ya bari."

Abin da ya cece ta bara, ya cece mu mu ma, shi ne gonakin kwari na can ƙasan fadama. Injin yana da nauyi, taɓo ba ya barinsa ya shiga, don haka masu gonakin wajen suka kira mu kamar da. Mata suka yi cincirindo a kan abin da bai kai rabin na da ba, har da 'yar hayaniya tsakanin mutanen da ba su taɓa sa-in-sa ba. Duk da haka kowa ta samu ɗan abin da ta kai gida.

To zuwana ofishinku na biyu, wani matashi mai ladabi ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Mama, ai garinku yana cikin wuraren da shirin ya fi samun nasara. Albishirinki ma, an amince a ƙaro muku ƙaramin inji mai sauƙin ɗauka, wanda zai shiga har kwari, kafin kakar bana." Yana faɗa yana murmushi, yana jiran in yi godiya. Inna lillahi! Na fito, sai da na kai bakin titi na tuna na bar takalmina a ƙofar ofis.

Shinkafa ta fara sunkuyar da kai yanzu, yanka ya kusa. Don haka ga abin da nake roƙo.

Ku dakatar da injin na biyu. Ban ce ku mayar da shi ƙasarsu ba, na ce ku tsaya tukuna. Gonakin kwarin nan su kaɗai suka rage mana.

Ki zo da kanki, ko ki aiko mata masu jin Hausa da Barbarci da Badanci, su shigo cikin gida su zauna da mu, ba Bulama, ba mazaje, ba mai ɗaukar hoto. Ku nemi zawarawa da tsofaffi musamman, domin ba sa zuwa taro, ba su da zanen fita.

Injin farko kuma, tunda da sunanmu aka karɓo shi, a ware wani kaso na shinkafar da yake samu a raba wa matan da ya kora daga aiki. Idan za a sake koyarwa, a zo garinmu a yi, da rani, da rana, a ga ko ba za mu iya ba. Matar da take tayar da injin markaɗe ba wannan ne zai gagare ta ba.

Kuma don Allah idan za ku rubuta wa masu ba da kuɗin labari, ku rubuta har da wannan. Na tabbata mutanen da suka cire daga aljihunsu a can ba su yi don a kwashe abincin tsohuwa a zuba a buhun mai gona ba.

Hajiya, ranar kasuwar Gashua da ta wuce na je sayen maganin yaro. A bakin tasha, cikin layin matan da ke zama suna jiran abin da matafiya za su miƙo, na hango Ya Kolo. Alhali ta ce wa mutanen garinmu asibiti take zuwa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, hannunta yana waje. Muka haɗa ido. Ta juya kai wajen bango, ni ma na juya nawa na wuce kamar ban san ta ba, domin wannan ne kaɗai mutuncin da zan iya yi mata a wurin. Matar da ta yanke wa 'ya'yana cibiya, na wuce ta ban gaishe ta ba. Da yamma muka hau mota ɗaya zuwa gida, tana gaba ina baya. Washegari ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa, wai har kwari injin zai shiga bana. Na ce mata ban sani ba tukuna. Amsar tana hannunki, kuma ni ce zan kai mata ita.

Allah Ya ba ki ikon yin adalci, Ya sa aikinki ya zama hujja gare ki ba a kanki ba. Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya raya miki zuriya, Ya sa har ki tsufa hannunki ya kasance mai bayarwa.

Wassalam.

Taki,
Hajara Modu,
ɗaya daga cikin matan sheƙa na bakin fadama.